Yadda A Ke Raba Lambobin Kiran Cibiya a Babbar Manhajar Linux

Kowace kwamfuta, tun daga wadda a ke ɗorawa bisa tebur har zuwa wayar da ke cikin aljihu, tana da wata babbar manhaja wadda ke riƙe da akalar sauran manhajoji duka. A tsakiyar wannan babbar manhaja akwai wani sashe wanda shi kaɗai ke da ikon taɓa kayan injin kai tsaye. Shi ke buɗe fayil, shi ke raba wurin ajiya, shi ke fitar da saƙo zuwa wata kwamfuta. Masu sana'ar suna ce masa kanel, amma a wannan takarda za a kira shi cibiya. Sauran manhajoji ba su da wannan iko. In wata tana so ta karanta fayil, ko ta rubuta harafi ɗaya a kan allo, tilas ta roƙi cibiya ta yi mata. Wannan roƙo shi ne kiran cibiya.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne cibiya ba ta jin suna, lamba ta ke ji. Mai rubuta manhaja yakan rubuta sunan kiran da ya ke so, kamar write, watau rubuta, ko read, watau karanta. Amma kafin manhajar ta zama abin da inji zai iya gudanarwa, sai an juya ta zuwa harshen inji, kuma a wurin juyin nan sunan ya kan ɓace, lamba ta maye gurbinsa. Sa'ad da manhaja za ta yi kira, sai ta ajiye lambar a wani ɗan gurbi da ke cikin ƙwaƙwalwar injin, ta ajiye bayanan da kiran ke bukata a waɗansu gurabe, waɗanda ba su wuce 6 ba, sa'an nan ta ba da wani umurni na musamman wanda ke miƙa ragamar injin ga cibiya. Cibiya kuwa tana da jeri, kowace lamba da aikinta. Sai ta duba lambar, ta yi aikin, ta mayar da amsa. An zaɓi lamba ne domin sauri, gama manhaja ɗaya tana iya yin dubban kiraye-kiraye cikin daƙiƙa guda, neman lamba a jeri kuwa ya fi gwada haruffan suna sauƙi nesa.

To, wa ke ba da waɗannan lambobi, kuma bisa wace ƙa'ida? Za a duba amsar a babbar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, domin aikinta a fili a ke yinsa, kowa na iya ganin jerin da tarihinsa.

Lambobin farko gado ne. Sun fito daga Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969. A can, lamba 1 ita ce exit, watau manhaja ta gama ta fita, 2 ita ce fork, watau manhaja ta haifi kwafin kanta, 3 read, 4 write, 5 open, watau buɗe fayil, 6 close, watau rufe shi. Da Torvalds ya rubuta tasa cibiyar domin injin Intel 386, sai ya bi wannan jeri, har yau kuwa haka ya ke a injunan wannan ƙira masu ɗaukar bit 32. Babu wani dalili da ya sa rubutu ya zama 4 ban da cewa haka masu farawa suka jera.

Masu nazarin harshe ba za su ga baƙon abu a nan ba. Tun a littafin darussan Ferdinand de Saussure da aka buga a 1916 an bayyana cewa babu wata dangantaka ta halitta tsakanin kalma da abin da ta ke nufi. Ba abin da ke jikin dabbar da ya tilasta a ce mata kare. Sai dai kuma wannan rashin dalili shi ne ya hana mutum ɗaya ya sāke kalmar, domin ba hujjar da zai kawo cewa wata ta fi ta dacewa, jama'a kuwa sun riga sun saba. Lambar kiran cibiya haka ta ke, amma da bambanci guda mai nauyi. Mai magana da harshe yana ci gaba da koyo muddin ransa. In kalma ta sāke ma'ana, zai ji a bakin mutane, ya gyara. Manhajar da aka riga aka juya zuwa harshen inji kuwa kamar mai magana ne wanda ya koyi harshe rana ɗaya, daga nan kunnensa ya toshe. In an juya ta a 1995 tana sane da cewa 4 ita ce rubutu, to 4 za ta yi ta faɗa har ranar da aka daina amfani da ita. Mai yiwuwa ne wanda ya rubuta ta ya rasu, ko kamfaninsa ya rushe, ko asalin rubutun ya ɓace, ga shi kuwa wani banki ko wata masana'anta na dogara da ita. In cibiya ta mayar da 4 ta zama wani aiki dabam, manhajar ba za ta san an yi ba. Za ta roƙi rubutu, a yi mata wani abu.

Saboda haka babbar ƙa'idar Linux ita ce lambar da aka fitar ga jama'a ba a karɓe ta, ba a sāke mata ma'ana. Torvalds ya sha tsawata wa masu aikin cibiya a kan cewa gyaran da ya karya manhajar da ke aiki a da, laifin gyaran ne, ba na manhajar ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Lambar kira ma in ta fita ba ta komawa.

Sakamakon wannan ƙa'ida yana nan a rubuce cikin jerin, kuma shi ne ya fi komai ban sha'awa ga mai nazari, gama jerin ya zama kamar tsohon gari mai kufai a tsakiyarsa. A jerin Intel mai bit 32, lamba 17 tana ɗauke da sunan break, 31 stty, 32 gtty, 44 prof. Waɗannan sunaye ne na tsohuwar Unix, cibiyar Linux ba ta yin aikin kome da su, amma ba a ba wani kira gurabensu ba. Akwai kuma lambobin da aka keɓe wa waɗansu ayyuka da a ke sa ran za su shigo cibiya, ba su kuwa shigo ba. A jerin injunan x86 masu bit 64, lamba 183 an ajiye ta domin afs_syscall, 184 domin tuxcall, 236 domin vserver, duk kuwa babu wadda ke yin aiki a cibiyar da Torvalds ke fitarwa. Kashi na uku su ne waɗanda suka yi aiki na shekaru sa'an nan aka cire aikin. Lamba 180, nfsservctl, an cire aikinta a 2011. Lamba 156, _sysctl, a 2020. Manhajar da ta kira ɗaya daga cikinsu yau za ta sami amsar da a ke kira ENOSYS, ma'anarta babu wannan kira a nan. Wannan amsa tana da amfani ƙwarai. Manhajar da aka ce mata babu ta san matsayinta, tana iya neman wata hanya ko ta tsaya ta ba da labari. Wadda aka yi mata wani aiki dabam a madadin wanda ta roƙa, ita ce ke ɓarna ba tare da kowa ya sani ba.

Tun da ya ke ba a gyara tsohon kira, in an ga ya gaza sai a ƙirƙiro sabo a ba shi sabuwar lamba, tsohon ya zauna inda ya ke. Misali mafi bayyana shi ne kiran da ke tambayar bayanin fayil, watau girmansa da mai shi da ranar da aka taɓa shi. A jerin Intel mai bit 32 yana nan a lamba 18, wadda yanzu a ke kira oldstat. Da guraben da aka tanada wa bayanan suka yi kaɗan, aka yi wani a 106. Da fayiloli suka ƙara girma, aka yi stat64 a 195. A 2017 kuma aka ƙara statx a 383. Tambaya ɗaya ce, amma lambobi 4 ke amsa ta, kowace da zamaninta, kamar yadda harshe kan riƙe tsohuwar kalma a bakin dattawa bayan sabuwa ta shigo. Haka kuma a 2008 aka yi dup3 da pipe2 domin dup2 da pipe ba su da gurbin da za a faɗa musu wani ƙarin zaɓi, a 2014 kuma aka yi renameat2 bisa wannan dalili. Daga nan masu aikin suka ɗauki darasi. Takardar jagora da ke cikin rubutun cibiyar tana umurtar mai kawo sabon kira ya tanadi gurbin zaɓi tun farko, ko da ba shi da abin da zai sa a ciki yanzu, kuma cibiya ta ƙi duk kiran da ya zo da zaɓin da ba ta sani ba. Hikimar ƙin ita ce, in cibiya ta yi shiru ta karɓi abin da ba ta gane ba, wata manhaja za ta saba zuba shara a gurbin, ran da aka ba gurbin ma'ana kuwa sai ta karye.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ya shafi tsawon zamani ne. Akwai kuma wata matsala ta faɗi, domin Linux ba a kan inji iri ɗaya ta ke gudana ba. Kowace ƙirar inji da aka kai ta, waɗanda suka kai ta sun tsara nasu jeri. Waɗansu sun bi lambobin wata Unix da ta riga su zama a kan wannan inji, don manhajojinta su yi aiki a Linux. Haka aka yi a injin Alpha. Injunan MIPS suna da jeri 3, ɗaya ya fara daga 4000, ɗaya daga 5000, ɗaya daga 6000. Da aka zo injunan x86 masu bit 64, waɗanda kamfanin AMD ya fara sayarwa a 2003, sai aka sāke jerin ɗungum, aka kawo kiraye-kirayen da aka fi yawan yi gaba: read ta zama 0, write 1, open 2, close 3, exit kuwa ta koma 60. Injunan ARM masu bit 64, waɗanda ke cikin yawancin wayoyin Android na yanzu, suna bin wani jeri na bai ɗaya da aka shirya domin sababbin ƙira. A cikinsa read ita ce 63, write 64, exit 93, open da fork kuwa babu su sam, domin akwai sababbin kiraye-kiraye da ke yin aikinsu. Ke nan aiki guda, rubutu, lambarsa 4 a wani inji, 1 a wani, 64 a wani. Karin harshe ne sosai, kowane gari da nasa.

Mai karatu zai iya cewa wannan ba kome ba ne, tun da manhajar da aka juya domin inji ɗaya ba ta gudana a wani. Galibi haka ne, amma akwai wurin da bambancin ke zama haɗari. Injin x86 mai bit 64 yana iya gudanar da tsofaffin manhajoji masu bit 32, don haka cibiyarsa tana riƙe da jeri biyu a lokaci guda, manhaja kuwa tana iya shiga ta kowace ƙofa. Linux tana da wata dabarar tsaro mai suna seccomp, wadda da ita a ke tsare manhajar da ba a amince da ita ba, tun 2012 kuma a ke iya cewa ga lambobin da aka yardar mata, ga waɗanda aka hana. To, lamba 11 a jerin bit 64 ita ce munmap, watau mayar da wurin ajiyar da aka ara, abin da kusan kowace manhaja ke bukata. Amma 11 a jerin bit 32 ita ce execve, watau tayar da wata manhaja dabam, abin da mai kutse ya fi so. Mai tsaron da ya yarda da 11 bai tambayi ta wace ƙofa aka shigo ba, ya buɗe abin da ya ke zaton ya rufe. Shi ya sa bayanin seccomp ya gargaɗi mai amfani da ita ya fara duba ƙirar kafin ya duba lambar.

Ban da haɗari, akwai wahala. Shekara da shekaru, in an kawo sabon kira, sai a ba shi lamba a jerin x86, sauran ƙira kuwa kowace ta jira mai kula da ita ya waiwayo. Wata ta samu bayan wata uku, wata bayan shekara, kowace da lambarta dabam. Masu rubuta kayan binciken manhaja da masu taskar C, watau tarin ayyukan da yawancin manhajoji ke bi ta cikinsa su kai ga cibiya, tilas su riƙe jeri fiye da goma, su yi ta bin kowanne.

Abin da ya kawo gyara ya zo ta wata hanya da ba a zata ba, watau matsalar shekarar 2038. Unix da 'ya'yanta suna ƙidayar lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. A injuna masu bit 32, gurbin da a ke ajiye wannan ƙidaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, za a kuwa kai wannan adadi ranar 19 ga Janairu 2038. Bisa ƙa'idar da aka bayyana, ba dama a faɗaɗa gurbin a tsofaffin kiraye-kiraye. Sai dai a yi sababbi ga duk kiran da ke ɗauke da lokaci, a kan dukan injuna masu bit 32 a tare. Arnd Bergmann, wanda ya ja ragamar wannan aiki, ya ga tun da za a taɓa kowane jeri, gara a daidaita su gaba ɗaya. A fitowar Linux 5.1, cikin Mayu 2019, aka sa sababbin kiraye-kirayen lokaci tsakanin 403 da 423, aka kuma yi shawara cewa daga 424 zuwa sama kowane sabon kira lambarsa ɗaya ce a kowace ƙira. Lamba 424 ta tafi ga pidfd_send_signal, 425 zuwa 427 kuma ga kiraye-kiraye 3 na io_uring. Ba a taɓa tsofaffin lambobi ba ko ɗaya. Jerin x86 mai bit 64 a lokacin ya tsaya a 334, sai kawai ya yi tsalle zuwa 424, aka bar tsakanin fili. Alpha, da ya ke jerinta ya riga ya wuce nan, sai a ke ƙara 110 a kan lambar kowa. MIPS kuma tana ƙara dubbanta. Daidaitawar ba ta cika ba, amma ita ce iyakar abin da za a iya ba tare da an karya alkawari ba.

Ya kamata a san cewa ba kowace babbar manhaja ta ɗaure kanta haka ba. A Windows lambobin suna sākewa daga fitowa zuwa fitowa, domin Microsoft ta ɗora alkawarinta a kan sunayen da ke cikin taskokinta, manhaja kuwa ta bi ta nan. Apple ma haka. Masu harshen Go sun kasance suna kiran cibiyar macOS da lamba kai tsaye, har wata fitowa ta 2016 ta karya musu manhajoji, daga 2018 suka koma bin taskar Apple. OpenBSD kuwa ta warware matsalar 2038 tun 2014 ta hanyar faɗaɗa gurbin kawai, ta ce kowa ya sāke juya manhajarsa. Waɗannan duka suna fitar da cibiya da taska a tare, hannu ɗaya ke riƙe da su. Linux cibiya ce kaɗai. Taskar C wasu ke yin ta, kuma ba guda ɗaya ba ce. Ba ta da wani wuri da za ta ɗora alkawari in ba a kan lambar ba. Wanda ya ce hanyarta ta fi ta sauran, ko ta sauran ta fi tata, bai duba wannan ba.

Saura tambayar yaushe lamba ke zama tabbatacciya. Mai kawo sabon kira ya kan ɗauki lamba ta gaba da ba kowa a kanta, amma ɗaukar nan ta wucin gadi ce. Sau da yawa mutum biyu, kowa na aikinsa dabam, su kan ɗauki lamba guda. Irin wannan karo ya kan bayyana a linux-next, wani wurin gwaji da Stephen Rothwell ya fara a 2008, inda a ke haɗa ayyukan da ke jiran shiga a ga ko za su zauna tare. Bayan kowace fitowa Torvalds ya kan buɗe ƙofa mako 2 yana karɓar sababbin ayyuka, sa'an nan a yi kamar mako 7 ko 8 ana gwaji. Cikin wannan tsakani ana iya sāke lamba. Ranar da fitowar ta tabbata, ƙofar gyara ta rufe. Wani lokaci kuma a kan tsallake lamba domin aikin da a ke jira: openat2 ta shiga da 437 a Maris 2020, close_range kuwa ba ta zo ta cika 436 ba sai Oktoba.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna amfanin makonnin gwajin nan. An kawo wani kira mai suna uretprobe, wanda injin x86 mai bit 64 kaɗai ke bukata. Da fari an ba shi 463, sai aka ga waɗansu kiraye-kiraye 4 da ke jira sun riga sun ɗauki 463 zuwa 466, aka matsar da shi 467. Waɗannan 4 kuwa ba su sami shiga fitowar ba, ga shi kuma an ci lambar kowa da kowa domin bukatar inji ɗaya. Kafin Linux 6.11 ta fito a Satumba, Bergmann ya mayar da shi 335, watau farkon filin da aka tsallake a 2019. Kiraye-kirayen nan 4 suka shigo da lambobinsu a Janairu 2025, 467 kuma ta tafi ga wani kira dabam. Da an yi jinkirin 'yan makonni, da uretprobe ta zauna a 467 har abada.

A ƙarshen Satumba 2025 jerin bai ɗaya ya kai 469. Akwai wani shinge a gabansa: lambobi 512 zuwa 547 a jerin x86 mai bit 64 an riga an ba da su ga wani tsari mai suna x32, wanda ya shigo a 2012 bai kuwa sami masu amfani da yawa ba. An rubuta a cikin jerin cewa kada a sa sabon kira a wannan tsakani, kuma daga 548 zuwa sama a buɗe ya ke. Ke nan in ƙidaya ta kai 511, lamba ta gaba a wannan jeri 548 ce.